Mu Daina Tafiya Gida Zaɓe: Kujerun Neja Goma Har Da Mu A Ciki

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga iyayenmu dattawa, da iyaye mata, da matasa, da duk magidancin da wannan takarda ta shiga gidansa a Fadikpe da sauran unguwannin Minna, ina neman afuwa tun da farko, domin maganar da zan yi a wannan fitowa ba mai daɗi ba ce, kuma a kanmu take. Mun saba a wannan shafi muna kukan abin da wasu suke yi mana. Yau ina so mu dubi abin da muke yi wa kanmu da hannunmu, gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba.

Duk wanda ya daɗe a garin nan ya san abin da ke faruwa idan zaɓe ya rage mako guda. Tasha takan cika maƙil. Motocin Funtuwa da Gusau da Zariya da Kano da Sakkwato sai su yi ta lodi suna tashi, a Kasuwar Kure ka ga rumfuna a rufe, mai shayi ya kife tukunya, mai nama ya kashe wuta, ka tambaya a ce maka ya tafi gida zaɓe. Ranar zaɓe kuma ka je rumfar unguwarku ka ƙirga mutanenmu da ke kan layi, sai ka rantse ba mu ne muke cika masallaci ranar Juma'a ba. Bayan wata biyu su ne dai za su dawo wurin taron ƙungiya da ƙorafi: taransifoma ta lalace wata huɗu ba wanda ya leƙo, ruwa ya cinye hanya, an raba tallafi ba a sa sunanmu ba, an hana yaro takardar indijin. Sai a ce, "Sakatare, rubuta wa ɗan majalisa." To ni dai ina rubutawa, amma ina so yau ku gaya mini, wane ɗan majalisar? Wanda kuka je kuka zaɓa a can, ko wanda kuka ƙi tsayawa ku zaɓa a nan?

Ban cire kaina a cikin masu laifi ba. Zaɓen 1999 da na 2003 da na 2007 duk a ƙauyenmu na ƙasar Katsina na yi su, alhali tun kafin nan a Minna nake kwana, a nan nake neman abinci, a nan aka haifi 'ya'yana. A lokacin ban iya karanta ko sunana ba. Sai da Allah Ya sa na shiga ajin yaƙi da jahilci da girmana, na fara haɗa baƙi, sannan na sayi ɗan ƙaramin kundin tsarin mulki, ina bin sa layi-layi, inda ya gagare ni in kai wa malaminmu ya fassara mini. A nan na gane cewa shekara da shekaru ina kashe kuɗin mota ina kai haƙƙina inda ba zai amfane ni ba. Da aka yi sabuwar rajista a farkon 2011 na yanki katina a Minna, kuma daga ranar ban sake tafiya ba.

Bari mu fara da sanin abin da ake zaɓa, domin da yawanmu idan aka ba su takardu uku ranar zaɓen shugaban ƙasa, ɗaya kawai suka sani, sauran biyun sai dai su dangwala yadda hannu ya faɗa. Takarda ɗaya ta shugaban ƙasa ce, ɗaya ta sanata, ɗaya kuma ta ɗan Majalisar Wakilai. Majalisar Wakilai tana da kujera 360 a duk Nijeriya. Kano na da 24, Kaduna 16, Katsina 15, Sakkwato 11, Jihar Neja kuma tana da 10, waɗanda aka raba wa ƙananan hukumominta 25 kamar haka: Chanchaga ita kaɗai, Bosso da Paikoro, Shiroro da Rafi da Munya, Gurara da Suleja da Tafa, Agaie da Lapai, Bida da Gbako da Katcha, Lavun da Mokwa da Edati, Kontagora da Wushishi da Mariga da Mashegu, Magama da Rijau, sai Agwara da Borgu. Ku sake bin wannan jeri a hankali, ku faɗa mini guda ɗaya da babu Bahaushe a cikinta yana noma ko kasuwanci ko koyar da allo. Babu ita.

Mu mazauna Minna kuma akwai abin da ya kamata mu lura da shi. Garin nan ya rabu tsakanin ƙananan hukumomi biyu, Chanchaga da Bosso, saboda haka ya rabu tsakanin mazaɓun tarayya biyu. Mutum yana iya kwana a ƙarƙashin ɗan majalisa ɗaya, shagonsa kuma yana ƙarƙashin wani. Har ma unguwar da ake kira Chanchaga, kan hanyar Suleja, a cikin ƙaramar hukumar Bosso take, haka ma Maitumbi da Maikunkele. Na sha tambayar magidanta a wurin taro su faɗi sunan mazaɓarsu ta tarayya, sai ka ga an yi shiru ana kallon ƙasa. Amsar tana jikin katin zaɓenka, inda aka rubuta jiha da ƙaramar hukuma da gunduma da rumfa. Wanda bai iya karantawa ba ya kawo mini ko ya ba ɗansa ya karanta masa, babu kunya a ciki.

Yanzu sai maganar doka, domin akwai masu cewa mu baƙi ne, zaɓen garin nan ba namu ba ne, kuma abin takaici wasunmu sun yarda. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama a duk inda ya so a cikin ƙasar. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko garin asalinsa ko addininsa. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar gida ko fili ko'ina. Sashe na 77 ya ce duk ɗan ƙasa da ya kai shekara 18 yana da haƙƙin a yi masa rajistar zaɓen 'yan majalisa. Dokar Zaɓe ta 2010 da ta 2022, dukansu a sashe na 12, sun fayyace cewa mutum yana iya yin rajista a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko inda ya fito. Zama shi aka fara ambata. Babu inda aka ce sai ka kawo takardar indijin kafin a ba ka katin zaɓe, ni kuma ba a tambaye ni ita ba a 2011.

Ko tsayawa takarar ma haka take. Sashe na 65 sharuɗɗan da ya gindaya wa mai neman kujerar Majalisar Wakilai su ne ya zama ɗan Nijeriya, ya kai shekarun da aka ƙayyade, waɗanda aka rage daga 30 zuwa 25 a shekarar 2018, ya yi karatu daidai da sakandare, kuma wata jam'iyya ta tsayar da shi. Ba a ce sai kakansa ya yi noma a mazaɓar ba. Misalin ma yana gabanmu. Mohammed Umar Bago Banufe ne haifaffen Minna, kuma shi ya riƙe kujerar Chanchaga daga 2011 har 2023, shekara 12 cur, daga nan aka zaɓe shi gwamna ranar 18 ga Maris 2023. Ban kawo sunansa don yabo ko suka ba. Na kawo shi ne don ku ga abu biyu: kujerar Minna ta mazauna Minna ce, kuma kujerar da muke rainawa ita ce matakalar da aka taka aka shiga gidan gwamnati.

Akwai kuma wani lissafi da nake so kowa ya riƙe. A ƙidayar 2006 an samu mutum miliyan 140 a Nijeriya, idan ka raba su kan kujera 360, kowace kujera za ta tashi da kimanin mutum dubu 390. A wannan ƙidaya Chanchaga mutum kimanin dubu 200 aka samu, amma tana da kujera sukutum. Kontagora da Wushishi da Mariga da Mashegu kuwa, su huɗun a haɗe sun haura mutum dubu 600, su ma kujerarsu ɗaya. Gaskiya ne Minna ta ƙara cika tun daga lokacin, kuma ba a sake yin ƙidaya ba, amma duk da haka lissafin yana nuna cewa ƙuri'a ɗaya a tsakiyar Minna tana da nauyin da ba ta da shi a wurare da yawa. A mazaɓa irin wannan, gidaje ɗari biyu ko ɗari uku da suka fito tare abin dubawa ne ga duk mai takara. Wannan ita ce ƙuri'ar da muke ɗauka mu hau mota da ita mu kai ta inda za ta nutse kamar ɗigon ruwa a kogi.

A nan ma akwai haƙƙin da ya kamata mu riƙa tambaya. Sashe na 72 ya ce a yi ƙoƙari yawan jama'ar mazaɓu ya zama kusan daidai, sashe na 73 kuma ya ɗora wa hukumar zaɓe nauyin sake duba iyakokinsu daga lokaci zuwa lokaci. Amma iyakokin da muke zaɓe da su tun 1996 aka shata su, zamanin mulkin soja. A Amurka, inda muka kwaikwayo wannan tsari, kujerun majalisar wakilansu 435 ne, kuma duk shekara goma bayan ƙidaya sai an sake rabon su an sake shata mazaɓu. Mu a nan rumfunan zaɓe kawai aka ƙara a 2021, daga kimanin dubu 120 zuwa 176,846. Ranar da za a zo sake shata mazaɓu, yawan mutane za a duba, 'yan siyasa kuma yawan masu rajista za su kafa hujja da shi. Wanda ya kai kansa gida ranar ƙidaya, ya sake kai katinsa gida ranar rajista, ya rage wa unguwar da yake kwana nauyi sau biyu.

Wani zai ce, to shi ɗan majalisar tarayya me yake yi mini? Tambaya ce mai kyau. Aikinsa na asali uku ne: yin doka, amincewa da kasafin kuɗin ƙasa, da sa ido a kan ma'aikatun gwamnatin tarayya. A cikin kasafin nan ne ake saka abin da ake kira ayyukan mazaɓu, wato rijiyar burtsatse, ajin makaranta, fitilun kan titi, taransifoma, kekunan ɗinki da sauransu, kuma shi yake nuna inda za a kai su. Ɗan majalisa mutum ne mai lissafi, sakamakon kowace rumfa yana hannunsa. Idan ya zauna rabon ayyuka, rumfar da ta kawo ƙuri'a ɗari huɗu da wadda ta kawo arba'in ba za su zo ɗaya a wurinsa ba, ko da kuwa ba shi aka zaɓa a can ba, domin yana son ya jawo su gaba. Unguwar da ba ta fitowa kuwa babu mai tsoronta, babu mai zawarcinta.

Ku tuna kuma da ranakun baƙin ciki. Ranar 17 ga Fabrairu 2021 aka sace ɗalibai a makarantar kimiyya ta Kagara, ranar 30 ga Mayu na wannan shekara aka kwashe yaran Islamiyya fiye da ɗari a Tegina, duka a ƙaramar hukumar Rafi. Ranar 18 ga Janairu 2025 tankar mai ta fashe a mahaɗar Dikko ta kashe mutum fiye da 80. Ranar 29 ga Mayu 2025 ambaliya ta afka wa Mokwa ta ci rayuka fiye da 150, kuma unguwannin da abin ya fi shafa su ne Tiffin Maza da Unguwar Hausawa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. A irin wannan rana, wa ke da hurumin miƙewa a zauren majalisa a Abuja ya nemi a kawo agaji, a gyara hanya, a turo jami'an tsaro? Wakilin wurin da abin ya faru ne. Bahaushen Mokwa da katinsa ke Ƙaura Namoda, ɗan majalisar Ƙaura Namoda ba zai zo ya ƙirga masa ɗakunan da ruwa ya rushe ba, na Mokwa kuma bai san da zamansa ba.

Sai babbar maganar da ta fi damun kowane gida a cikinmu, wato takardar indijin. Ni kaina na ɗanɗana. Ɗana na biyu a garin nan aka haife shi, a nan ya yi firamare da sakandare, bai taɓa yin wata guda a ƙauyenmu ba. Da ya zo neman gurbin karatu muka je wani ofishi, jami'in ya dube ni ya ce, "Malam, ku je garinku a ba ku." Muka je garinmu, can ma sai da aka nemo dattijon da ya san mahaifina kafin a sa hannu. Yaron ya tambaye ni a mota, "Baba, to ni ɗan ina ne?" Har yau ban manta ba. Wannan matsala tushenta a cikin tsarin mulki take, domin kundin da ya ba mu 'yancin zama shi ne kuma ya kawo rabon muƙamai bisa asalin jiha, har a sashe na 147 ya ce minista sai ɗan asalin jihar, ba tare da ya warware matsayin wanda aka haifa a wuri ya girma a can ba.

To wa ke da ikon gyara tsarin mulki? Majalisa. A shekarar 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya kawo ƙudurin da zai ba wanda ya shekara goma a jiha, ko aure ya kai shi, matsayin ɗan jihar. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, a watan Yuli na shekarar ya janye shi. Irin wannan gyara yana buƙatar aƙalla kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar, wato 240 cikin 360, da kuma amincewar majalisun jihohi 24. Kujerun Neja goma suna cikin wannan lissafi. Ina tambayar ku, a cikinmu wa ya taɓa tsayar da mai neman kujerar nan ya tambaye shi matsayinsa a kan wannan magana? Mun bar tambayar da ta shafi makomar 'ya'yanmu, mun tsaya tambayar atamfa da taliya.

Na san hujjojin masu tafiya, domin ni ma na taɓa kafa su. Ta farko, suna cewa kowa ya bar gida gida ya bar shi, idan na ɗauke katina daga can za a ce na yanke zumunci, ko a hana 'ya'yana takarda. Jama'a, katin zaɓe dabam, takardar asali dabam. Hukumar zaɓe ce ke ba da ɗaya, ƙaramar hukuma ke ba da ɗayar, kuma sauya rumfa ba ya goge sunan kakanka daga garinsu. Ka je gida da Sallah, ka je biki da ta'aziyya, ka aika da hatsi da kuɗin magani, wannan shi ne zumunci. Ƙuri'ar shugaban ƙasa kuwa, ko a Fadikpe ka jefa ta ko a Funtuwa, wuri ɗaya za ta tafi. Abin da kake asara idan ka yi tafiya shi ne sanata da ɗan majalisar tarayya da gwamna da ɗan majalisar jiha da shugaban ƙaramar hukuma da kansila na wurin da kake rayuwa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma daga bakin dattawa na fi jin ta. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce mini, "Sakatare, baƙo raɓa ne. Idan muka cika layi masu gari za su ga kamar mun zo ƙwace ne, ka manta abin da ya faru a Jos?" Na ce, "Baba, ban manta ba." Babu wanda zai manta da watan Nuwamba na 2008, lokacin da zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya rikiɗe ya zama tarzomar da ta ci ɗaruruwan rayuka. Amma darasin da na ɗauka shi ne, wuta takan tashi ne inda zaɓe ya koma mu da su, kowane ɓangare ya ja tunga da nasa. Mu a nan ba sarauta muke nema ba, ba ƙasar kowa muke jayayya a kanta ba. Mun san Minna ƙasar Gbagyi ce, mun san sun karɓi iyayenmu hannu biyu, muna yi wa Mai Martaba Sarkin Minna da masu unguwanninmu biyayya. Taransifomar da ta mutu kuwa ba ta tambayar ƙabila, duhun da ke gidana shi ke gidan maƙwabcina Bagwari da Banufe da Bayarabe da Ibo. Tsayawa layi ɗaya da su a kan buƙata ɗaya shi ke ƙara zaman lafiya. Wanda ke kwashe iyalinsa duk ranar zaɓe, shi ne da kansa yake shelar cewa shi ba ɗan nan ba ne.

Kuma wannan suna na baƙi a duba shi da kyau. Hanyar jirgin ƙasa ta Baro zuwa Kano, wadda aka gama a 1911, ta Minna ta ratsa, kuma tun zamanin ake samun Hausawa leburori da fatake da malamai a garin nan. Sunayen gundumomin Chanchaga kansu shaida ne: Limawa, Makera, Sabon Gari, Nasarawa, Tudun Wada. Suleja sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa ta, Abu Ja ya gina garin a 1828. Kontagora Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa ta. A Zungeru aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904. A shekarun 1950 kuma mutanen Enugu suka zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsu. Raɓar da ta kwana shekara ɗari rana ba ta busar da ita ba, ai ta wuce a kira ta raɓa.

Hujja ta uku ita ce ta masu cewa ƙuri'a ba ta da amfani, an riga an rubuta sakamako. Ba zan ce zaɓenmu babu maguɗi ba, duk mun gani. Amma in da ƙuri'a banza ce, da ba a bi ku gida-gida da dare ana ba ku kuɗi a kanta ba, domin babu mai sayen abin da ba shi da amfani. A jihar nan PDP ta yi mulki daga 1999 har 2015, sannan ƙuri'a ta kawar da ita. A wannan shekara ta 2015 gwamna mai ci, Dakta Mu'azu Babangida Aliyu, ya nemi kujerar sanatan Neja ta Gabas, wadda Minna ke cikinta, David Umaru ya kayar da shi. Gwamna ne fa, da duk ƙarfin gwamnati a hannunsa. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023 kuma masu rajista a Neja sun kusa miliyan 2.7, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Mai maguɗi babu abin da yake so kamar rumfar da babu kowa.

Dole kuma in taɓo namu na cikin gida, dillalan ƙuri'a, waɗanda ba a ganin su sai kakar zaɓe, su je wurin mai takara su ce Hausawan unguwa kaza duk a aljihunsu suke, su karɓi buhunan shinkafa da sunanmu. A zaɓen da ya wuce wani ya same ni har gida, ya ce in ba shi littafin rajistar 'yan ƙungiya da lambobin wayarsu, ya ajiye mini ambulan a kan tabarma. Na mayar masa da abinsa. Littafin nan amana ce, an buɗe shi don taimakon marayu da jinya da jana'iza. Ina faɗar wannan a fili don duk wanda aka ce masa ƙungiya ta sayar da ƙuri'arsa ya san ƙarya ne. Ƙungiyarmu ba ta da jam'iyya, kowa ya zaɓi wanda ya kwanta masa a rai. Wanda ya karɓi dubu biyu ya dangwala, ya sani ya sayar da shekara huɗu ne, idan ka raba kuɗin bai kai naira biyu a rana ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙon kowane gida, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Na ɗaya, a fito da katunan gidan duka a duba inda aka yi rajistar su. Na biyu, wanda nasa ke wani gari ya je ofishin INEC na ƙaramar hukumarsa, ko ya sa yaro ya shiga shafinsu na intanet, ya nemi a dawo masa da rumfarsa nan duk lokacin da hukumar ta buɗe rajista, domin takan rufe tun da sauran watanni kafin zaɓe. Kada kowa ya yi sabuwar rajista alhali yana da tsohuwa, wannan laifi ne a doka. Na uku, magidanta su ji tsoron Allah su bar matansu da 'ya'yansu da suka kai 18 su yanki kati su kuma fita ranar zaɓe, domin gidan da ke da ƙuri'a bakwai ya fitar da ɗaya ya cuci kansa. Na huɗu, wanda ya yi rajista ya koma ya karɓi katin, kada ya bar shi yana shan ƙura a ofis. Na biyar, masu sha'awar siyasa su shiga jam'iyyar da suke so tun daga gunduma, domin a zaɓen fid da gwani ake yanke sunayen da za mu tarar a kan takarda.

Na shida, zan kawo shawara gaban shugabanni a taro mai zuwa, cewa idan lokacin yaƙin neman zaɓe ya yi mu haɗa kai da ƙungiyoyin maƙwabtanmu na sauran ƙabilu, mu gayyaci duk masu neman kujerar Chanchaga da ta Bosso da Paikoro, ba tare da ware kowace jam'iyya ba. Mu yi musu tambayoyi a rubuce: mene ne matsayinka a kan yaron da aka haifa a Minna aka hana shi takarda? Za ka buga jerin ayyukan mazaɓa da kuɗin kowanne don kowa ya gani? Ina ofishinka na mazaɓa, kuma wace rana ake samun ka? Zan rubuta amsoshinsu a littafi, mu buga su a wannan takarda, bayan shekara huɗu mu fito da su mu karanta.

Wanda ya ga kuskure a maganata, shafin nan a buɗe yake, ya rubuto ko ya zo ya faɗa mini in rubuta masa, za a buga ko da zagina ya yi. Ni dai na sauke nauyin da ke kaina, idan kunne ya ji jiki ya tsira. Ranar Lahadi bayan sallar La'asar ina nan a ofishin ƙungiya da biro da takarda, duk mai son a duba masa katinsa ya zo da shi, iyaye mata kuma shugabar mata za ta sanar da ranarsu. Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayinmu, Ya zaunar da Jihar Neja da Nijeriya lafiya, amin.

Wassalam.

Naku,
Sakataren Ƙungiya,
Fadikpe, Minna.